Makunnin Doña Eufemia

Ƙafafun Wilfrido mai wayarin mota kawai ake gani, sauran jikinsa na ƙarƙashin sitiyarin tsohuwar a-kori-kurar. Doña Eufemia na tsaye a kansa tana fifita da kwali. Da wannan mota take kai ayabar agada kasuwar garin Moca, ga shi makon jiya an sace motar maƙwabcinta da rana tsaka.

"Na yanke wayar da ke ba inji wuta, na sa ɗan makunni ƙarƙashin kujera," in ji shi. "In kin kashe, ko ɓarawo ya wuni yana murza makulli ba za ta tashi ba. In nuna wa maigidan?"

"Wilfrido, kai a zatonka don ɓarayin waje kaɗai na zo?"

Ranar Lahadi mijinta Nicanor ya fito fes da farar riga, zakaransa a hammata. Duk mako haka yake ɗauke motar zuwa filin faɗan zakaru, ya dawo da ita babu ɗigon mai. Ya murza makulli, injin ya yi ta kakari ya ƙi kamawa. Ya buɗe gaba, ya ƙwanƙwasa batir, ya tsine wa wanda ya ƙera ta. Eufemia na baranda tana kurɓar kofi, dariya na cin ta.

Can sai ta ji yana waya: "Mutumina, har yanzu kana sayen gwangwan? Zo ka ja ta, ta mutu murus."

Kofi ya sarƙe ta. Ta sauko da sauri.

"Matsa in gwada."

"Ke? Haba Femia, ni da na san inji tun kina goye?"

Ta shiga, ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, yatsanta ya lalubo makunnin. Murzawa ɗaya, motar ta ɗauka.

Nicanor ya zana alamar gicciye a ƙirji.

"Lallai wannan mota ta san uwar ɗakinta."

Ya zagaya, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna, ya gyara wa zakara zama a cinya.

"To mu je, an kusa farawa. Daga yau ke za ki riƙa kai ni."

Eufemia ta dube shi, ta dubi zakaran. Shi ma zakaran ita yake kallo da ido ɗaya. Ta ja tsaki, ta sa giya.