Na'urar da Ba Ta Rufa Asiri

Yayata ta biyo ɗakin gwajinmu, na shiga cika mata baki da sabuwar na'urarmu. Ɗan lu'ulu'u ne a ciki, ƙwayoyin zarrarsa suna jin maganaɗisun bugun zuciya ko ba a taɓa mutum ba.

"Zauna mu gani," in ji ta.

Na zauna, layin bugun zuciyata a allo yana tafiya a natse. Sai ga injiniyarmu ta shigo, wadda na sha rantse wa Yaya ba ruwana da ita. Layin ya hau tsalle.

"Na'urar ce ta rikice," na ce, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Injiniyar ta leƙa. "Ɗazu na daidaita ta, lafiyarta lau."

Yaya ta dube ni. "Na'urar kam lafiyarta lau."