Bangon da Baba Direba Ke Kallo

"Fenti ruwan madara na ce, Malam mai fenti, ba ruwan ƙwai ba. Kuma kafin Alhamis nake so a gama gaban gidan nan, da get, da falo."

Mai fenti yana saman tsani da abin kankara a hannu, tsohon fenti na zubo masa a kafaɗa kamar dusa. "Malam mai fenti" ɗin nan ta sosa masa rai. Wannan da ake kira Manaja yau, mai tumbi da mukullin mota a yatsa, a gabansa aka haife shi. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma har ya yi gemu Kawu yake ce masa.

"Fenti ba ya son gaggawa," in ji mai fenti. "Bangon nan ya fi shekara goma ba a taɓa shi ba. Sai an kankare, an cike tsaga, an bar shi ya sha iska. Mene ne na Alhamis? Biki za a yi?"

"Kai dai yi abin da aka kira ka."

Manaja ya shiga mota ya ja. Jim kaɗan Auta ta fito da kofin ruwa. Ita ce ƙanwarsa, ita ce kuma ke jinyar mahaifinsu, Baba Direba, shekara biyu ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Idanunta sun yi ja, zanenta duk ya jiƙe da ruwan wanki.

"Auta, yayanki aure zai ƙara ne?"

Ta girgiza kai, ta dubi ƙasa. "Jiya likita ya zo, Kawu. Ya ce mu yi haƙuri, sauran kwanaki ne. Shi ne Yaya ya ce idan abin ya faru mutanen ofishinsu za su cika layin nan, ba zai yiwu su ga gidan da ya fito a haka ba."

Mai fenti ya ji jini ya hau masa ka. Ya sauko daga tsanin a hankali, don ya san in ya yi sauri zai faɗo. Shekara talatin da biyar yana sana'ar nan, ya yi wa ɗakin amarya fenti, ya yi wa shago, ya yi wa makaranta, amma ba a taɓa ɗaukar sa ya yi wa mutuwar mai rai kwalliya ba.

"Mutumin yana ciki yana numfashi?"

"Yana ma kiranka. Tun safe yake tambaya."

Ɗakin Baba Direba shi ne na ƙarshe, kusa da famfo. Warin danshi da na man zafi suka tare shi tun daga ƙofa. Tsohon na kwance a kan ɓarin hagu, ɓarin da kawai yake iya kwanciya a kai, fuskarsa na fuskantar bango. Bangon kuwa ya yi baƙi daga ƙasa har tsayin ƙirji, fentin ya kumbura ya ɓare kamar fatar mai ƙyasbi, ga wata tsaga da kiyashi ke bi. Tsakanin hancin tsohon da wannan ƙazanta bai fi kamu biyu ba.

"Sarkin ɓata riga," in ji Baba Direba, maganar na fita ta gefen baki. "Tun safe nake jin ƙarar kankara. Na ce wa Auta wannan hannunka ne, ba wanda ke kankara yana tsaki sai kai."

"Ni ne, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya zama tsohuwar mota, sai turi." Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya kama shi. "Ashe yaron nan ya tuna. Shekara biyu ina ce masa a taɓa mini bangon nan, na gaji da kallonsa. Yaushe za ka iso nan?"

Mai fenti ya dubi Auta. Ta kawar da kai.

"Gobe da safe, Baba."

"Shuɗi nake so, mai haske. Irin na motar da na fara tuƙawa."

Da la'asar Manaja ya dawo da wata motar kaya, aka fara sauke labulaye da kujeru sababbi a cikin leda. Mai fenti ya tare shi a bakin get.

"Ubanka yana son a yi masa ɗakinsa."

"Warin fenti zai dame shi."

"Fentin ruwa ba shi da wari. Kada ka koya mini sana'ata."

"To, wa zai shiga ɗakin can? Aikin da za a gani na sa ka."

"Wa zai shiga? Shi da ke ciki fa, ba mutum ba ne?" Muryar mai fenti ta fara tashi, masu sauke kaya suka dakata. "Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi, rana da ruwa, don ka zauna a inuwa ka yi karatu! Yau kai ne kake shirya wa baƙi wurin zama tun bai cika ba? Ka ma zaɓi ranar? Alhamis! Kai ne mai rai a hannu?"

"Malam, ka iya bakinka. Gidanmu ne."

"Gidanku ne, amma ni na ɗora wa bangon nan fentinsa na farko, kana yawo ba wando. Rabonka da ka leƙa ɗakin nan yaushe?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Na ɗan lokaci fuskarsa ta koma ta yaron da ke tsoron allura.

"Ba na iya ganin sa a haka," ya ce ƙasa-ƙasa. Sai kuma ya gyara tsayuwa, ya daka wa masu kaya tsawa. "Ku kuma me kuke kallo?"

"Ita Auta da dutse aka yi zuciyarta, ko?" Mai fenti ya faɗa wa bayansa, amma Manaja ya riga ya shige falo.

Washegari da sassafe mai fenti ya shigo da ragowar farin fentin ruwa daga gidansa, da ɗan gwangwanin shuɗi. Bai ko kalli gaban gidan ba. Auta ta shimfiɗa katifa a inuwar baranda, shi kuma ya sunkuci tsohon. Mutumin da a dā yake ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, yau bai kai nauyin bokitin fenti ba. Wannan ma ya ƙara tunzura shi.

Ya kankare bangon kamar da shi yake faɗa. Ya cike tsagar, ya kunna fanka, ya buɗe taga. Ya san ƙa'ida: bango mai danshi sai ya yi mako yana shan iska, in ba haka ba wata biyu fentin zai kumbura. Da yaron aikinsa ne ya yi haka, da ya sha zagi. Ya tsoma buroshi.

"Ƙara fari kaɗan," in ji Baba Direba daga baranda, da aka kai masa sandan gauraya ya gani. "Wannan shuɗin na motar asibiti ne. Tawa ta fi haka fara'a."

Sau uku ana gauraya kafin ya yarda. Zuwa azahar an shafa fentin sau biyu. Bango ɗaya tak, wanda yake kallo. Suka mai da tsohon gadonsa. Idonsa ɗaya da ciwon bai taɓa ba ya yi ta yawo a kan bangon daga sama zuwa ƙasa.

Ana haka sai ga muryar Manaja daga waje, tun kafin ya kashe mota.

"Ina mutumin nan? Wuni guda ba a ɗiga ko ɗigo a gaban gida ba! Dā ma an ce mini kada in ɗauki na gida!"

Ya taho har ƙofar ɗakin da faɗansa, sai ya ci birki a dokin ƙofa. Ƙafarsa ba ta tsallaka ba.

"Babban mutum, kai ne?" in ji tsohon. Ba ya iya juyowa, bango yake wa magana. "Na ga aiki. Na gode. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Mai fenti ya zuba wa Manaja ido, yana jira ya ji ko da kalma ɗaya ta gaskiya.

"Amin, Baba," in ji Manaja.

Mai fenti ya yunƙura. Auta ta damƙe masa hannun riga, ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta. Ya haɗiye maganar.

A tsakar gida Manaja ya ce wa mai fenti, ba tare da ya dube shi ba, "Ka kwashe tsaninka. Zan kawo wasu."

"Ko ba ka faɗa ba. Amma ka ji addu'ar da ya yi maka, ko? Masu yi maka. Ni ma na ce amin."

Kafin yamma wasu samari uku suka zo da injin feshi. Ba kankara, ba cike tsaga, suka feshe gaban gidan a kan datti, suka lafta wa get fentin mai har yana tsiyaya. Mai fenti na zaune a ƙofar gidansa yana kallo, yana tsaki. Matarsa ta ce ya shigo kada hawan jininsa ya tashi. Ya ce ai ya riga ya tashi, a bar shi ya ƙarasa.

Baba Direba bai jira Alhamis ba. Ranar Laraba da hantsi, Auta na ba shi ruwa da cokali, ya ɗauke kai ya mai da ido ga bango, shi ke nan. Kukanta mai fenti ya jiyo ta kan katanga. Shi ya fara shiga, shi ya rufe masa ido. Aka kira Manaja a waya.

Mutanen ofis kuwa suka zo kamar yadda aka yi tsammani, motoci har bakin titi. Suka zauna a sababbin kujeru, suka yi gaisuwa, wani mai gilashi har ya ce, "Kai, marigayi ya ji daɗin ɗa, dubi yadda aka riƙe gida." Fentin get bai bushe ba. Mai fenti na tsaye gefe yana ganin manyan mutane na goga fararen kaya a jikin get ɗin suna wucewa da baƙin zane a kafaɗa. Ya san kalma ɗaya ta gargaɗi za ta isa. Bai faɗe ta ba.

Bayan kwana uku, da jama'a suka ragu, Auta ta leƙo gidansa.

"Kawu, bokitinka da buroshi suna ɗakin Baba. Ni na kasa shiga."

Ya tafi shi kaɗai. An naɗe katifa, an kwashe kwalaben magani, saura gadon ƙarfe tsirara. Ya sunkuya zai ɗauki bokitin, sai idonsa ya faɗa kan bangon. Daidai inda matashin kai yake, akwai sawun yatsu huɗu a cikin shuɗin, an ja su ƙasa kaɗan, irin na wanda ya taɓa fenti tun bai gama bushewa ba.

Hannunsa ya kai ga buroshi da kansa, don ragowar fentin na nan a gindin bokiti, shafa ɗaya za ta gyara wurin. Ya tsaya da buroshin a sama. Can ya mai da shi cikin bokiti, ya zauna a bakin gadon ƙarfen. A waje famfo na ɗiga cikin wani kwano da aka manta.