Manzo Uwar Zabi

Wani dare a farkon damina, shekara biyu bayan babban farin nan, lokacin soja na riƙe da ƙasa, na ji wani kuka daga bayan dangarmu. Kukan kaza ne mai kiran ƴaƴanta, kut-kut-kut, amma da kauri, kamar kazar ta kai girman jaki kuma tana fama da mura. Ni mutum ne mai son irin waɗannan abubuwa. Tun ina lakwal, makarantar boko, kafin a sallame ni saboda yawan kallon taga, mushe, wato malaminmu, ya nuna mana hoton wani ƙaton tsuntsu da ya ce ya ƙare a duniya, ni kuwa ban taɓa yarda ya ƙare duka ba. Na ce a raina watakila ɗaya ya rage, ya zaɓi Filinge. Na ɗauki cocila na leƙa ta saman danga.

Maƙwabcina ne, Manzo mai facin tayar keke, tsugune a bakin ɗakinsa, ya baza babbar riga har ƙasa. Rigar tana motsi.

"Manzo, lahiya?"

"Kashe wutar nan, Ibrah. Yanzu na samu sunka yi kwana."

"Su wa?"

Ya ɗaga gefen rigar. Ƴan tsakin zabi ne, sun haura talatin, sun dunƙule a tsakanin ƙafafunsa kamar auduga. Ya saki rigar, ya sake cewa kut-kut-kut, bai ko ji kunyata ba.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar yunwa Manzo ya karɓi buhu biyu na gero wurin Alhaji Hamani mai awo, Bazabarmen nan da rumfarsa ke bakin kasuwa. Aka yi wa geron kuɗi jikka talatin na sefa, Manzo ya jinginar da gonar ubansa da ke kan hanyar Tukunus. Alhaji ne ke nomanta tun lokacin. Sharaɗin da aka yi a gaban liman shi ne, in aka shigar da hatsin bana rumbu Manzo bai biya ba, gona ta zama ta Alhaji har abada.

Manzo ba rago ba ne, kullum da faci a hannunsa. Kuɗi ne dai ba sa kwana a aljihunsa. Ya taɓa sayen asusu na laka, ya fasa shi kafin sati, ya je ya karɓo wani bashi. Ya ba matarsa Haske ajiya, ya ce ko kuka ta ga yana yi kada ta ba shi. Da ta hana shi sai ya kai ƙararta wurin uwarta. Ya shiga adashin masu gyara a kasuwa, ya roƙi ɗaukar farko don ya rage bashi, a hanya ya haɗu da wani mai rediyo. Rediyon na nan har yau, bai taɓa samun batir ba.

Haske ce ta kawo dabarar zabi. Ta ce tun da kuɗi ba sa zama, a mai da su abin da mai shayi ba zai karɓa ba. Da farkon damina ƙwan zabi na araha a Kurfai. Ta tattara abin da ya samu a kasuwa biyu, ta sayo ƙwai, ta sa wa kajinta biyu suka kwanta. In sun girma zuwa kaka, kowace za ta kai jikka, a biya Alhaji har a samu canji.

Ranar da ƙwan ya fara fashewa sai ga mai unguwa da gardi, dogarin gwamnati, a ƙofar gida, sun zo karɓar lanhon bara, wato harajin da Manzo bai biya ba. A wancan zamani ba a cewa a dawo gobe. Haske ta duba ɗaki ta duba tsakar gida, babu abin sayarwa sai kajin nan biyu. Ta ɗaga su daga kan ƙwai ta kai bakin tasha. Ƴan tsaki suka fito duniya suka buɗe ido, abin da suka fara gani shi ne Manzo tsugune a kansu yana salati.

Ƴan zabi ba sa jure sanyi da raɓa, shi ya sa ya sa su a riga. Su kuma suka ɗauka shi ne uwarsu, babu wanda ya iya fahimtar da su.

Da safe in ya fita tonon gara don ya ba su, suna bayansa a jere. In ya zauna faci, suna kewaye da kwanon ruwan da yake gwada tiyon taya. Tsohuwa Dijatu mai ƙosai, wadda gidanta ke kallon namu, ita ta raɗa masa suna.

"Uwar zabi, ina kwana? Ya jego?"

"Inna, ki bari. Bashi nike biya."

"To Allah shi raya. Yaushe za a yi suna?"

An yi sunan kuwa, ko da yake ba a yanka rago ba. Manzo ya raba musu sunaye irin na zamanin soja. Wani zabo mai son shiga gaba shi ne Kwamanda, akwai Ajidan, akwai Sarjan, akwai wata gurguwa da ya kira Haske, abin da ya jawo masa kwana biyu ba tuwo. Wata Lahadi a tsakiyar kasuwa Kwamanda ya hau kan buhun wake, Manzo ya ɗaga murya ya ce, "Kwamanda, ɗan banza, sauko!" Kasuwa ta yi tsit. Wani gardi ya juyo a hankali. Sai da Manzo ya kamo zabon ya nuna shi, ya rantse da kabarin ubansa, kafin gardin ya tafi yana riƙe dariya. Daga ranar a waje sunan zabon Malam.

Liman ya roƙe shi ya riƙa tsayawa a sahun ƙarshe kusa da ƙofa, saboda suna ratsa tsakanin masu sujada. Mai shayi ya hana shi zama a bencinsa, sun cinye masa burodi. Da can in Manzo ya hango Alhaji Hamani sai ya faɗa lungu ya lafe. Yanzu ya daina, don zabi ba su san ɓuya ba. Ko ina ya shiga sai su tsaya a bakin lungun suna kuka kamar ana goga zarto a kwano. Alhaji ya kan tsaya ya ce, "Sannu da hutawa, Manzo. Gero ya fara kai a gonata." Yana jan kalmar ta ƙarshe.

Ni na lura da wani abu a lokacin, na kuma daɗe ina tunaninsa. Zabuwa ba ta kallon mutum da ido biyu, da ɗaya take kallo, ta karkata kai, kamar mai sauraron abin da ake faɗa a wata unguwa. Kafin kaka Manzo ma haka yake kallon mutane.

Aka yanke gero, aka fara ɗaurin dami. Zabin sun cika, sun yi sheƙi. Haske ta samo wani dillalin kaji da ke zuwa daga Yamai kowace Lahadi, ta kawo shi har gida. Mutumin ya ɗaga guda ya auna a hannu, ya ce jikka ɗai-ɗai, duka zai kwashe. Kuɗin za su biya Alhaji har da ragowa. Ya fara kwance bakin aljihu.

"Ina za ka kai su?" in ji Manzo.

"Yamai mana."

"Wurin wa?"

"Masu gashi, bakin titi. Da yaji da albasa, kahin isha sun ƙare."

Manzo ya dubi Kwamanda. Kwamanda ya karkata kai ya dube shi.

"Ba na saidawa ba ne."

Haske ta ajiye taɓarya. "Maigida, mi ka ce?"

"Na ce ba na saidawa ba ne. Cikin rigata sunka girma."

"Gonar ubanka hwa? Cikin rigar wa ta girma?"

Ya tashi ya fita, zabin suka bi shi, aka bar dillali da aljihu a kwance. Daren nan na ji Haske tana daka babu kome a turmi.

Da aka gama shigar da hatsi rumbu, Alhaji Hamani ya zo da liman, aka kira ni shaida. Alhaji ya zauna a tabarma ya ce shi ba mai son rigima ba ne, amma magana magana ce. Manzo ya sunkuyar da kai. Sai Haske ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Alhaji, kuɗɗi babu a hannu, amma ga su can suna kiwo. Na Yamai ya taya jikka ɗai-ɗai. Kai da ka san kasuwa, in ka riƙe su har damina, ƙwai kaɗai nawa za su ba ka?"

Alhaji ya shiga lissafi, leɓensa na motsi. Gonar yashi ce, ya noma ta shekara biyu ya san abin da take bayarwa. Ya tashi ya zaga zabin, ya taɓa ƙirjin biyu.

"Amma ba za a yanka su ba," in ji Manzo.

"Wa ke yanka jari? Kai shi ya sa ba ka da kome."

Liman ya tambayi Alhaji ko ya karɓi zabin a madadin bashinsa. Ya ce ya karɓa. Ya sake tambaya, ya ce ya karɓa, gona ta koma ga mai ita. Aka shafa fatiha. Manzo da kansa ya kira su cikin kwanduna, aka ɗora a amalanke, ya juya baya don kada ya gani.

Gidan Alhaji na can ƙarshen gari. Kafin magariba duk zabin suna kan bishiyar bedin gidan Manzo.

Washegari Alhaji ya sa aka mai da su, aka fige musu gashin fiffike. Da la'asar muka gan su sun biyo babbar hanya a ƙafa, Kwamanda a gaba, gurguwar a baya, har wata motar Abala ta tsaya ta ba su hanya. Alhaji ya ce Manzo ne ke kiran su da wannan kut-kut ɗin nasa. Manzo ya ce a gwada. Ya naɗe bakinsa da rawani ya wuni zaune a rumfar Alhaji, ko ruwa bai sha ba. Zabin suka fito daga gidan Alhaji, ba su nufi gidan Manzo ba, suka zo rumfar suka kewaye shi, suka shiga buhun dawa.

Sai Alhaji ya kulle su a ɗaki. Suka ƙi ci. Aka zuba gero, aka zuba dusa, aka kawo gara, suka taru a kusurwa suna kallon bango. Da Lahadi ta zagayo ya kira dillalin Yamai. Mutumin ya ɗaga guda, ya ce wannan ai gashi ne da ƙashi, rabin kuɗin da ya taya da fari zai iya bayarwa. Alhaji bai taɓa sayar da abu da faɗuwa ba tun da ya fara awo. Ya tafi wurin liman ya ce a warware, a mai da masa gonarsa.

"Alhaji, sau biyu na tambaye ka," in ji liman. "Ka ce ka amsa. Bashi ya hita. Zabi naka na, gona ta Manzo ta."

Babu yadda ya iya. Ya buɗe ɗakin, suka tafi inda suka saba, suka fara ci. Tun da dukiyarsa ce, kuma ba ya son ta rame, duk ranar kasuwa sai ya aiko da tiyar gero gidan Manzo. Daga baya ya zama tiya biyu, don Haske ta ce ba ya isa. Ni dai na ga furar gidan ta yi kauri a ranin nan.

Damina ta dawo, Manzo ya shuka gonar ubansa da hannunsa, zabin na bin sa suna tsince irin da bai rufe da kyau ba. Ana cikin noman fari ya ɗaga reshen wata sabara a tsakiyar gonar ya tarar da ƙwai tuli guda, don zabi wuri ɗaya suke haɗuwa su zuba. Labari ya riga shi isa gari. Alhaji ya iso da kwando, Haske ta iso da ƙwarya, ni na bi su don in ga yawan ƙwan, Dijatu kuma ta rufe kaskonta ta biyo mu tana dogara sanda.

"Zabina ne sunka yi su," in ji Alhaji.

"A gonarmu," in ji Haske. "Kuma wa ya yi maka kiwo tun kaka? Ko makiyayin awaki ana biyan shi. Ga tabarmina ukku da sunka ɓata."

"Kiwo? Geron da na aiko gidanku ya hi buhu biyun da na ba ku da hwari!"

"Zabinka sunka ci."

"Su kaɗai?"

Manzo yana tsugune yana kare ƙwan daga rana da hularsa. Dijatu ta dubi Alhaji, ta dubi Haske, ta gyara tsayuwa a kan sandarta.

"Ni dai ku hwaɗa min, ɗiyana, in koma ga ƙosaina. Yanzu tsakaninku wa ke bin wani?"