Hujjar Hashim

Tun ranar da Mark ya kafa sifika a bakin gidan da suke haya a unguwar Mile 2 Diobu da ke Fatakwal, Hashim bai sake samun natsuwa ba. Mark ɗan kudancin Kaduna ne, yana cajin waya a wani ɗan shago na katako, kuma daga safe har la'asar yana sakin waƙoƙin rap na samarin Arewa, masu zuba Hausa da gudu kamar ana korarsu. Damuwar Hashim ita ce 'yarsa Ikram, mai shekara tara. Duk lokacin da aka aike ta sayen magi, sai ta dawo tana gyaɗa kai.

"Kan kawai take gyaɗawa," in ji matarsa Rakiya. "Yarinyar da Hausarta ba ta wuce 'miƙo ludayi' ba? Ina za ta kamo maganar waɗannan?"

Rakiya ta yi gaskiya. A Fatakwal aka haifi Ikram, kuma ita da sauran yaran gidan Turancin Buroka suke yi har cikin mafarki. Amma Hashim ya ce abin da ya shiga kunne ya shiga, ko an gane ko ba a gane ba.

Mai gidan, Madam Angela, tana zama da 'yan haya a tsakar gida ranar Lahadin ƙarshen wata. Ba ta jin Hausa, don haka duk abin da aka faɗa sai an maimaita mata da Buroka, kuma ba ta karɓar ƙara sai da hujja.

Hashim ya je wurin Mark ya ce a tura masa waƙoƙin a waya. Mark ya tura har da ƙari, yana murna. Mako biyu Hashim yana sauraro a mota, a hanyarsa ta zuwa mayankar Trans-Amadi inda yake fawa. Ya saurara, ya mayar baya, ya rubuta a littafin makaranta. Abokan aiki suka lura saran ƙashinsa ya fara tafiya da wani irin tsari kamar na kiɗa.

Ranar zama, Mark ne ya fara kare kansa.

"Baban Ikram, ai har da nasiha a ciki. Akwai wadda ake cewa a bi uwa."

"Na ji ta. Layi biyu ne. Bari ka ji sauran arba'in ɗin."

Ya buɗe littafi ya fara karantawa, a hankali, kalma bayan kalma, yadda mawaƙin bai taɓa yi ba. Akwai zagin iyayen abokin gaba, akwai ƙwaya da sunanta, akwai siffar wata mace daga wuya zuwa ƙasa. Malam Abdulhafiz, dattijon da ke sayar da goro, ya sunkuyar da kai yana istigfari.

"Ni fa ban ji komai ba," in ji Madam Angela da Buroka. "Oga Hashim, juya min."

Hashim mutum ne mai tsoron rage shaida. Ya juya mata duka, bai tsallake ko ɗaya ba, da muryar da ya saba kiran masu saye da ita a tsakiyar hayaniyar mayanka. Inda Buroka ta gaza, ya yi bayani. Wani layin Madam ta ce ba ta yarda da kunnenta ba, ya maimaita sau biyu. Rakiya tana ta yi masa nuni da ido daga bakin ƙofa, ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa take yi. Yaran gidan kuwa suna tsaye a bakin famfo da bokitai, shiru, ruwa na zuba a ƙasa. Ya gansu, ya ji daɗin ladabinsu.

Madam ta yanke hukunci: a cire sifika kafin magariba.

Mark yana naɗe waya ya ce, "Baban Ikram, wallahi ni kaina sai yau na san abin da suke cewa a wancan wurin."

Washegari Hashim ya fito zai tafi aiki. Bakin gida shiru, amma a bakin famfo ana waƙa. Da Buroka ake yinta, a hankali, kowace kalma a fili, har da gyaran muryar da ya yi kafin layin macen nan.

A ransa ya nemi wanda zai kai ƙararsa, bai samu wanda ya dace ba. Daga nan ya taka zuwa shagon Mark.

"Ka dawo da sifikar. Ka ƙure sautinta."

"Ayya. Tun jiya na kai wa yayata Hephzibah a Kasuwar Creek Road. Waƙoƙin coci za ta riƙa sakawa."

Hashim ya gyaɗa kai ya nufi titi. A bayansa yara suka shiga baiti na biyu. Ikram ce ke bayarwa, sauran na amsawa, domin kowa a gidan ya yarda waƙar babanta ce.