Duhun Cikin Mikroskof

Shekara uku Rabi'atu ta yi a lakkwal ɗin Mushe Dalhatu, wato makarantar Malam Dalhatu, da ke Tasawa tana koyon duba ƙwayoyin jiki, wato a shafo ɗan ruwa daga bakin mahaifar mace, a shimfiɗa a gilashi, a leƙa ta mikroskof a ga ko ciwon daji ya fara. A shekara ukun nan ba ta taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya. Ƙwayoyin da ta sani su ne waɗanda Mushe ke zanawa da alli, masu kama da ƙosai. Shi kuwa da can magani yake sayarwa a tasha, sai dai Allah ya ba shi baki.

Lakkwal ɗin ba shi da agirema, wato yardar hukuma, wadda in babu ita diplom ɗinka, takardar gama karatu, sai dai a ƙunshe tsire da shi. Rabi'atu ta baro garinsu Atantane dangi na ta yayata cewa 'yarsu ta tafi zama lokotoro, wato likita. In ba a ba da agirema bana ba, haka za ta koma hannu Rabbana, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

Da aka ji masu dubawa daga hukuma na tafe, Mushe ya tashi haiƙan. Doka ta ce a ga kayan aiki, a ga malamai ƙwararru, a ga ɗalibai sun iya. Sai ya yi fenti, ya aro mikroskof wajen wani abokinsa a Maradi, ya sa wa mai gyaran firiji farar riga ya zama malami, ya kuma sa aka gasa rago.

Masu dubawa sun yi aiki, kada a ci haƙƙinsu. Sun auna ɗaki, sun ƙirga kujeru, sun leƙa bayan gida har da jinjina kai. Sannan shugabarsu Madam Sa'adatu, mai tabarau da takalmi ƙwas-ƙwas, ta ce a kawo ɗaliba guda ta gwada. Mushe ya turo Rabi'atu, don ita ce gwanar hadda.

Ta zauna, ta danna maɓalli, ta kafa ido. Duhu ƙirin. Ashe fitilar abin aron ta daɗe da mutuwa. 

"Mi kike gani, madmazel?" in ji Madam.

Gaskiya ta zo mata har maƙogwaro. Ta tuna hanyar komawa gida, ta haɗiye ta. Ta karanto haddar allo tiryan-tiryan, ta ce ƙwayoyi ne lafiyayyu.

"Tashi in gani."

Rabi'atu ta saddaƙar. Madam ta cire tabarau, ta sunkuya, ta daɗe tana murɗa abin nan na gefe irin na wadda ta san kan aiki. Ƙamshin rago na shigowa ta taga. Can ta ɗago ta mayar da tabaranta.

"Tire biyan, ya yi kyau. Sun hito tas."

Agirema ta fito kafin a yi girbi. Rabi'atu ta yi murna, ba amfanin a ɓoye, amma murna ce mai haɗe da takaici, har ta tsani jin sunan Mushe.

Ranar da ta isa Atantane da diplom, mata suka cika gidan da guɗa. Ana cikin haka Gwaggo Barira, yayar babanta, ta kamo hannunta ta ja ta bayan rumbu. Ta rame sosai, hannun nata ba nauyi.

"Ɗiyata, tun bara nike ganin jini, alhali na daɗe da daina al'ada. Likitocin Mayahi sunka ce in tahi Yamai a duba. Na ce a'a, mi za ya kai ni, ga tawa ta kusa gamawa? Na yi ta haƙuri ina jiranki." Ta yi murmushi. "To, yaushe za ki duba ni?"