Ranar da Baba Ya Ɗaure Notoci

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi a ƙarƙashin manyan motoci, kuma taya ba ta taɓa ficewa daga motar da ya ɗaure ba. Wannan labari kam kowa ya sha shi a bakinsa, har da mai kawo ruwa. Sai hawan jini ya kayar da shi a gareji, ƙafar hagu ta koma sai dai ya ja ta, Auta ta ɗauko shi ta kawo gidanta. Tun daga nan aikinsa ya zama zaman bakin taga da shan magani a kan lokaci.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, tana aiki a inda ake yi wa masu ciwon ƙafa takalman gyara. Ta daɗe tana son cin gashin kanta, shi ya sa ta sayo wata na'ura a warwatse, kwali bakwai, ta ce da hannunta za ta haɗa abarta. Na'urar tana shimfiɗa garin roba ne, hasken leza ya bi ta kai ya narka shi, ta sake shimfiɗa wani, har abin da aka zana ya fito. Ranar Alhamis wani likitan ƙashi zai zo ganin samfurin takalmin farko da na'urar za ta fitar. In ya yi masa, aikin nata ne. In bai yi ba, akwai masu jira.

Wata guda ta yi tana fama da na'urar a ƙaramin ɗakin baya, shi kuma yana jiyo ƙarar ƙarfe kamar mai azumi yana jin ƙamshin girki. Ba ya son komai sai ta leƙo ta ce, "Baba, zo ka duba min." Ko sau ɗaya. Amma duk sanda ya jawo ƙafa ya tsaya a bakin ƙofa, sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, ka huta abinka." Ya tsani kalmar nan fiye da maganin safe.

Ranar Talata da hantsi, bayan ta tafi aiki, ya shiga. Kallo kawai ya je yi, Allah ya sani. Na'urar na tsaye, ta kai shi ƙirji, tsaf da ita, har ya ji alfahari ya cika shi. To amma hannun makaniki ba ya zama a aljihu. Ya taɓa wani noti a bayan ƙaramin madubin da ke karkata hasken, sai notin ya juya. Ya taɓa na biyu, shi ma haka. Na uku ma.

"Yaran zamani," ya ce. "Karatu kamar me, ɗauri babu."

Ya ɗauko akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su yadda ake ɗauri, har sai sun ƙi motsi. A na ƙarshe ya ji wani abu ya ce ƙas. Ya ɗan dakata, sannan ya gaya wa kansa cewa zama notin ya yi. Rabonsa da jin daɗi irin na ranar tun kafin ya faɗi.

Da la'asar Auta ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ya tare ta.

"Auta, Allah ya taimake ki ina gidan nan. Da kin kunna abin nan a haka, da ya watse."

"Wane abu, Baba?"

"Notocin bayan madubi. Duk a kwance kika bar su. Na ɗaure miki."

Ta wuce ɗakin, ta haska madubin da fitilar wayarta. Daga inda yake tsaye ma yana ganin tsagar, daga gefe zuwa gefe.

"Baba," ta ce a hankali, "waɗannan ba ɗaure su ake yi ba. Da su ake saita hasken, kaɗan-kaɗan. Kwana tara na yi a kansu."

"To a sassauta mana."

"Ya fashe."

"Akwai mai yankan gilashi a bakin titi, na san shi, yanzu zai..."

"Ba irinsa ba ne. Sai an aiko, sati uku."

Da ma ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Sai ta fita baranda ta kira likitan. Ya ji ta tana ba da haƙuri, tana cewa laifinta ne, ita ce ba ta kula ba. Ta saurari likitan, sannan ta ce, "Ba komai, na gane. Allah ya sa haka ya fi alheri." Kunya ta kama shi.

Washegari ta kawo masa magani da ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum. Sannan ta nufi ɗakin baya. Ta ja ƙofar a hankali, ta yi ɗan tarin da ba na gaskiya ba don ya rufe ƙarar, ta murza makulli. Ta jefa shi a jaka, ta dawo.

"Baba, akwai abin da kake so in taho maka da shi?"

"Babu," ya ce.