Ledoji Shida a Hanyar Gonakin Zaitun

Ranar da aka manna wa Oronzo Palmisano jar takarda ta uku a jikin bokitin shara, ko kofinsa na safe bai iya sha ba. Ya tsaya a ƙofar gida daga shi sai singileti, yana kallon takardar. Rubutun dai shi ne na kullum: ba a ware daidai ba, ba a kwashe ba.

Tun da hukumar garin ta ɗauke manyan tankunan shara daga bakin titi, kowane gida bokiti biyar ne. Na ragowar abinci daban, na takarda da kwali daban, na kwalba, na roba da gwangwani, sai na abin da ba shi da dangi. Kowanne da ranarsa, kuma ledar sai mai nuna abin da ke ciki. Shekara shida matarsa Carmela ke wannan aiki, shi nasa kawai ya sauko da abin da ta miƙa masa. A watan Nuwamba ta rasu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gini, wanda in ya kalli bango sau ɗaya zai gaya maka ya karkace, yanzu sai ka same shi a tsakiyar kicin da kwalin gurasar fiza mai maiƙo a hannu, ya rasa inda zai jefa.

Ba tarar hukuma ce ke hana shi sakat ba. 'Yarsa Loredana ce. A watan Fabrairu ya ɗora wake a wuta ya tafi aski, maƙwabciyarsa Titina ce ta ji ƙaurin ta kira 'yan kwana-kwana. Loredana ta taso tun daga birnin Torino, ta zauna a kujerar uwarta, ta ce masa, "Baba, wannan ne na ƙarshe. In aka ƙara, ka bar gidan nan." Har ta nuna masa hoton inda za ta kai shi a waya: gidan tsofaffi kusa da unguwarta, mutum biyu a ɗaki, taga ba ta buɗuwa sai rabi. Shi kuwa gidan nan da hannunsa ya ɗora kowane dutse nasa.

"Oronzo! An sake ba ka lambar yabo?"

Titina ce daga barandarta, tana shanya tawul. Ya yi sauri ya ɓamɓare takardar ya dunƙule a hannu.

"Yaran nan masu kwasar shara ne ba su iya aiki ba."

"Yau Litinin, ragowar abinci. Kai kuma ka fito da kwalabe. Ko jiya ka shanye su ne gaba ɗaya?"

"Ke dai ki ji da tawul ɗinki."

"Ina ji da shi, amma warin barandarka yake kwasa. Kifi ne ko gawa ka ɓoye? Bari Loredana ta zo, ni zan ce ta saya maka mata a kasuwa."

Ya yi dariyar yaƙe ya shige. Titina ba muguwa ba ce, amma duk Lahadi sai sun yi waya da Loredana, kuma bakinta ba ya riƙe magana. A baranda ta baya akwai ledoji shida da aka ƙi kwashewa, ga zafin watan Yuni, ƙudaje sun yi musu baƙi. Ya buɗe ɗaya don ya sake warewa, sai tsutsa ta zubo masa a hannu. Ya ɗaure ya koma ciki ya wanke hannu har sau uku.

A garin nan babu wanda ba ya kallon shirin "Mun Gan Ka". Tashar yankin ce ke sa shi duk Juma'a da ƙarfe bakwai na yamma. Hukuma ta ɓoye kyamarori a hanyoyin bayan gari, duk wanda aka ɗauka yana zubar da shara sai a nuna shi da kiɗan ban dariya, a ɗora masa hoton kan alade a fuska. Wai an rufa masa asiri ke nan. To a garin da kowa ya san tafiyar kowa, wane asiri? Juma'ar da ta wuce Oronzo na shagon kofin Fedele lokacin da aka nuna wani yana jefar da katifa. Kafin katifar ta kai ƙasa shago ya ɗauka, "Surukin mai aski ne! Ku dubi gwamen!" Mutumin bai sake fitowa dandali ba. Oronzo ma ya yi dariya a ranar, har da buga tebur.

Duk da haka, ran Talata da ƙarfe biyu na rana, lokacin da gari ya rufe tagogi ana barcin bayan abinci, ya sauko da ledojin ɗaya bayan ɗaya ya loda a 'yar kurkurarsa koriya. Ya gangara da ita ba tare da ya tayar ba har ƙarshen layi, don kada Titina ta ji. Ya bi hanyar gonakin zaitun, ya tsaya inda katangar duwatsu ta rushe. Babu kowa, sai kukan gyare. Ya jefa su a bayan katanga, shida cif, ya goge hannu a wando, ya ɗaga kai don ya numfasa.

A jikin itacen zaitun da ke gabansa, sama da kansa kaɗan, an ɗaure wani ɗan akwati mai launin ɓawon itace, da ido guda na gilashi yana kallonsa.

Kyamarar hukuma ce. Ya kai hannu ya rufe fuska, alhali an riga an gama. Ya yi tunanin tsallaka katangar ya kwaso ledojin, gwiwa ta ƙi. Ya yi tunanin ɗaukar dutse ya fasa abin, sai ya tuna wannan kuma maganar 'yan sanda ce. Ya faɗa mota, sai a bugu na huɗu ta tashi. Yana tafe yana waiwaye kamar akwatin zai biyo shi.

Sai da ya zauna a kicin sannan ya tuna kwalayen maganinsa na hawan jini suna cikin leda, da takardun likita masu ɗauke da sunansa. Ma'aikatan shara suna buɗe ledoji da safar hannu su nemi suna, kowa ya san wannan. Washegari da sassafe ya koma. Wurin fes, an kwashe. Akwatin na nan, ya sake ɗaukarsa tsaye yana leƙen bayan katanga.

Daga nan abinci ya daina shiga. In babur ɗin mai kawo wasiƙu ya tsaya a layi, sai ya leƙa ta taga ko takardar tara aka kawo. Ya je shagon Fedele don kada a ce an daina ganinsa, Fedele ya ajiye masa kofi ya ce, "Kawu Oronzo, lafiya? Ka yi fari kamar cuku."

"Zafi ne."

"Jibi ka zo da wuri ka kama kujera. An ce na wannan makon ya fi na katifa. Ɗan'uwan matata na aiki a tashar, ya ce wani dattijo ne, za mu mutu da dariya."

Oronzo ya ɗaga kofin, bai ko kurɓa ba. Ya ajiye ya fita.

Ran Alhamis Loredana ta bugo. "Baba, na samu hutu. Gobe da rana ina nan."

"Gobe? Ki bari sai wani mako mana, zafi ya yi yawa, ga kuɗin jirgi."

"Na riga na yanki tikiti. Me ya faru da muryarka?"

"Ba komai. Mura ce."

"Mura a Yuni?"

Ya share gida, ya wanke baranda da ruwan sabulu, ya zare wayar talabijin daga bango ya tura ta bayan kabad. Ya tsara abin da zai faɗa in magana ta fito: sau ɗaya ne, wari ne ya ishe shi, kowa na iya yi. Wannan rashin kunya ce, ba mantuwa ba. Gara ta ɗauke shi marar mutunci da ta ɗauke shi wanda kansa ya fara tafiya. Ya maimaita maganar a gaban madubi har ta zauna masa.

Loredana ta iso, ta buɗe firji ta duba kwanan watan madara, ta shinshina kicin, ta leƙa murhu. Ba ta ga abin zargi ba. Ta dafa taliya da tumatir, ya tuttura kaɗan. Bakwai saura minti biyar ta ɗauki rimot.

"Ta lalace," in ji shi. "Tun makon jiya."

Ta leƙa bayan kabad ta jawo wayar. "Ba ta lalace ba, Baba, zarewa ta yi. Bari in ga 'yan garinmu, a Torino ba ma samun wannan shirin."

"Shirme ne. Mu fita mu sha iska."

"Minti goma kawai."

Aka fara da wata mata da tsohon injin wanki. Loredana ta yi dariya ta ce ta san takalman. Sannan mai gabatarwa, da jan kwat ɗinsa, ya murza hannu ya ce yanzu ga zakaran wata. Kiɗan ya canza. Ga katangar da ta rushe, ga 'yar kurkura koriya ta shigo a hankali, ga dattijo da kan alade yana saukowa yana dafa ƙugu.

Dariyar Loredana ta tsaya. Oronzo ya buɗe baki ya fara abin da ya haddace.

"Sau ɗaya ne. Wari ne ya..."

"Na ɗaya!" in ji mai gabatarwa. A ƙasan hoton an rubuta ashirin da takwas ga Mayu. Mutumin na sanye da shuɗiyar riga mai dogon hannu, ledoji uku ya jefa.

"Na biyu!" Tara ga Yuni. Farar riga da hular rana. Ya jefa ledojin, sannan ya tsaya a tsakiyar hanya yana juyawa hagu da dama. An sa hoton ya yi sauri, agogon da ke gefe na gudu, minti ashirin da biyar yana tsaye a rana, ga motarsa a bayansa. Aka sa sautin dariyar jama'a.

"Na uku!" Wannan ne na ran Talata, ledoji shida, ya ɗaga kai ya rufe fuska da hannu. "Sai yanzu ya gan mu, jama'a!"

Loredana ta kashe sautin. Ta tagar da ke buɗe aka jiyo ihun dariya daga shagon Fedele, wani na kiran sunansa da ƙarfi. A gidan Titina kuwa, sai aka ja labule.

Oronzo bai kalli 'yarsa ba. Yana ta lalube a cikin kansa, yana neman ashirin da takwas ga Mayu, yana neman tara ga Yuni. Babu komai a wurin. Ya tuna Talata tsaf, har da kukan gyare. Sauran biyun ko alamarsu babu.

"Wancan ba ni ba ne," ya ce a hankali. Can ya ce, "Amma rigata ce. Ta zuwa coci."

"Ba ka tuna ba?"

Ya so ya ce ya tuna. Ƙaryar na bakinsa, mai sauƙi ce, da ta ba shi wata uku ko huɗu a gidan. Amma mutumin nan da ke juyawa a tsakiyar hanya ya fi ba shi tsoro a kan ɗakin mai gado biyu. Ya girgiza kai.

Loredana ta matso ta zauna a hannun kujerarsa. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ina makullin motar, Baba?"

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Ya miƙe ya duba kan tebur, ya duba ƙusar da ke bayan ƙofa. Tana zaune tana kallonsa. A aljihun riga ya same shi, inda bai taɓa sa shi ba. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki bar ni in kai Nuwamba," ya ce. "In yi wa uwarki addu'ar shekara a nan."

"Za mu ga abin da likita zai ce ran Litinin."

Ya koma ya zauna. A talabijin an shiga tallar sabulun wanki, babu sauti.